Kurumtar Gado A Cikin Iyali: Me Jini Ke Ɗauke Da Shi, Me Shari'a Ta Ɗora Mana?

 

Da wuya ka shiga tsohuwar unguwa ko babban ƙauye a ƙasar Hausa ka rasa gidan da ake nunawa da baki ana cewa gidan kurame ne. Galibi labarin iri ɗaya ne. Miji yana ji, mata tana ji, iyayensu duka lafiya lau, sai ga ɗan fari ya cika shekara biyu bai ce "baba" ba. A yi ta cewa nauyin baki ne, ai kawunsa ma sai da ya shekara uku. Na biyu ya zo da jinsa garau, hankali ya kwanta. Ta uku ta zo irin na farko. Daga nan bakin mutane ya buɗe: wannan ya ce shafar aljanu ce, wancan ya ce sammun kishiya ne, wata ta ce ai uwar ta riƙa fita da almuru tana da ciki. Dangin miji kuwa sun riga sun yanke hukunci cewa daga gidan su matar abin ya fito, domin su dai ba su gaji haka ba.

Abin da ke biyo bayan wannan hukunci ba ƙarami ba ne. An saki mata saboda shi, an yi wa wasu kishiya da gayya, 'yan mata masu tarbiyya sun daɗe a gaban iyayensu saboda an ce kada a ɗebo jinin gidansu. Yaran da ake rigimar a kansu kuma suna tasowa a tsakar gida babu mai iya gaya musu ko sunan Ubangijinsu. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna mutum miliyan 430 ne ke fama da raunin ji mai nakasarwa, miliyan 34 daga cikinsu yara ne. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da ake haifa kurame, iyaye masu ji ne ke haifar su. Ke nan wannan jarrabawa ba ta wani gida na daban ba ce, tana iya ƙwanƙwasa ƙofar kowa.

Raƙumin da ya saɓa wa garkensa

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, labarin wani mutumin ƙabilar Fazara da ya zo wa Manzon Allah (SAW) yana ƙorafin matarsa ta haifi yaro baƙi, alhali shi da ita ba baƙaƙe ba ne. Bai fito fili ya tuhume ta ba, amma inda ya dosa a bayyane yake. Annabi (SAW) bai yi masa faɗa ba, sai ya ja shi zuwa abin da ya fi sani a duniya. Ya tambaye shi ko yana da raƙuma, da launinsu. Mutumin ya ce jajaye ne. Ya tambaye shi ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai. Da aka tambaye shi daga ina wannan launi ya zo, da bakinsa ya amsa cewa wataƙila wata jijiya ce ta can asali ta fizgo shi. Sai Annabi (SAW) ya nuna masa cewa ɗan nasa ma haka ne, kuma bai ba shi damar kore shi ba.

Malamai sun ciro hukunce-hukunce da yawa daga wannan hadisi. Bukhari ma ya sake kawo shi a wurin da yake kafa hujja da ƙiyasi. Abin da ya shafe mu a nan shi ne ƙa'idar da ke cikinsa: siffa tana iya ɓuya a jikin iyaye da kakanni, ba a gan ta ba, sannan ta ɓullo a jikin jika ko tattaɓa-kunne. Sai a shekarar 1865 wani malamin coci mai suna Gregor Mendel ya gabatar da lissafin yadda hakan ke faruwa, bayan ya shafe shekaru yana barbarar wani nau'in wake a lambu. Ba na cikin masu son mayar da kowane nassi littafin kimiyya, amma a nan ma'anar a sarari take, kuma hadisin ya zo ne a daidai matsalar da muke ciki: namiji ya ga abin da bai zata ba a jikin ɗansa, ya juya yana neman ɗora wa matarsa.

Yadda ji ke samuwa, da inda yake yankewa

Sauti idan ya shiga kunne yakan girgiza dodon kunne. Dodon ya miƙa girgizar ga wasu 'yan ƙasusuwa uku, waɗanda su ne mafiya ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, su kuma su isar da ita ga wani gurbi mai siffar katantanwa da ke cike da ruwa. A cikin katantanwar akwai ƙwayoyi masu gashi-gashi kusan 16,000, aikinsu mayar da girgiza ta zama saƙon da jijiya za ta kai ƙwaƙwalwa. Idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Wanda ya san wannan zai ƙara fahimtar dalilin da ya sa aya ta 78 a Suratun Nahli ta ambaci ji a farkon ni'imomin da aka bai wa jariri, da dalilin da ya sa malaman fiƙihu suka ce wanda ya gusar wa mutum da jinsa gaba ɗaya diyyar rai cikakkiya ce a kansa.

Ginin waɗannan sassa da tafiyar da su yana bin umarnin da ke rubuce a ƙwayoyin halittar gado. Mutum yana da kimanin 20,000, kuma kusan kowace yana da kwafinta biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Ka ƙaddara almajiri ne yake da littafi guda kwafi biyu, rubutun hannu. Gara ta ci shafi na goma a kwafi ɗaya, sai ya karanta a ɗayan, babu wanda zai san akwai ɓarna. Ranar da aka samu gara ta ci shafi na goma a duka biyun, wannan karatu ya yanke. Masu bincike sun gano irin waɗannan shafuka sama da 120 da lalacewarsu ke jawo kurumta. Mafi shahara ita ce wadda ake kira GJB2, wadda aka tabbatar da alaƙarta da kurumta a 1997. Ita ke samar da wani sinadari mai suna koneksin 26, wanda ke gina 'yan ƙananan hanyoyi tsakanin ƙwayoyin cikin katantanwa.

Kusan kashi 70 cikin 100 na kurumtar gado tana zuwa ita kaɗai, ba tare da wata larura a sauran jiki ba. Daga cikin wannan, kimanin kashi uku cikin huɗu irin ta ɓoye ce, wato sai kwafi biyun sun haɗu a lalace. Mun riga mun san wannan lissafi ta wata ƙofa, domin shi ne lissafin sikila. Kamar yadda mai AS yake da lafiyarsa amma idan ya auri mai AS za su iya haifar SS, haka mai ɗauke da kwafi ɗaya na kurumta yake ji garau. Idan ya auri mai ɗauke da irin nasa, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo kurma, biyu cikin huɗu ya zo mai ji amma yana ɗauke da abin, ɗaya cikin huɗu ya kuɓuta sarai. A lura da kalmar "kowane ciki". Ba rabo ne da ake cikewa ba, a ce tunda an samu kurma ɗaya ukun da za su biyo baya sun tsira. Ana iya samun uku a jere, ana iya haifar takwas ba a samu ko ɗaya ba.

To a irin wannan gida, wa za a ɗora wa laifi? Da uban bai bayar da nasa kwafin ba, yaron ba zai zama kurma ba ko da uwar na ɗauke da shi. Mijin da ya saki matarsa a kan haka ya saki wadda suka yi tarayya rabi da rabi a cikin sababin, kuma ya tafi da nasa rabin ɗakin amarya. Idan amaryar ta fito daga dangi ɗaya da shi, yana iya sake tarar da abin da ya guda.

Akwai wasu hanyoyin gadon. Wani nau'in kwafi ɗaya ya ishe shi bayyana, sai a ga kaka, uba da ɗa duk jinsu yana raguwa, sau da yawa bayan sun iya magana, kuma kowane ɗa yana da yiwuwar rabi. Wani ɗan kaɗan yana bi ta uwa ya kama 'ya'ya maza. Akwai kuma wanda ya kamata kowane gida ya sani, wanda aka gano a 1993: wani canji ne da ake gada ta wajen uwa kaɗai, mai shi yana ji lafiya har ranar da aka yi masa allurar jentamaisin ko sitireftomaisin, sai jin ya tafi, wani lokaci da allura kaɗan. A ƙasar da ake shiga kemis a ce a yi wa yaro allura ba tare da takardar likita ba, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Duk dangin da aka taɓa samun wanda ya kurumce bayan allura, musamman ta ɓangaren uwa, wajibi ne su faɗa wa likita kafin a rubuta musu magani.

Ragowar kashi 30 yana zuwa ne tare da wata alama. Farin gashi a goshi tun haihuwa ko idanu masu launin shuɗi ko launi biyu suna nuna larurar Waardenburg. Maƙoƙo a wuya yana iya nuna ta Pendred. Dundumi da ƙuntatar gani a ƙuruciya alamar ta Usher ce, jini a fitsari kuma ta Alport mai taɓa ƙoda. Yaro kurma da ke yawan suma idan ya firgita ko ya yi gudu, kada a tsaya ruƙiyya kaɗai, a kai shi a duba bugun zuciyarsa, domin akwai nau'in da ke haɗa kurumta da matsalar zuciya mai iya kisa farat ɗaya.

Ba kowace kurumta ce gado ba

A ƙasashen da suka shawo kan cututtukan yara, fiye da rabin kurumtar haihuwa gado ce. A yankinmu cututtuka suna da kaso babba. Annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai da yawa da suka tashi ba ji. Ƙyanda, hangum, shawarar jarirai da aka yi sakaci da ita, doguwar naƙuda, ruwan kunnen da aka bari ya daɗe, da cutar rubela idan ta kama mai ciki, duk suna kurumtarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara ana iya kauce masa. Wanda sanƙarau ya kurumtar ba ya gadar wa 'ya'yansa kurumta, kamar yadda wanda ya rasa ƙafa a haɗarin mota ba ya haifar gurgu. An hana mutane da yawa aure a kan rashin sanin wannan bambanci.

Auren zumunci

A nan ne magana ke buƙatar adalci. Auren 'yar baffa, 'yar kawu, 'yar gwaggo ko 'yar inna halal ne da nassi. Aya ta 23 a Suratun Nisa'i ta lissafa matan da aka haramta, ba su a ciki, aya ta 50 a Suratul Ahzab kuma ta ambace su a cikin waɗanda aka halatta. Annabi (SAW) ya auri Zainab bint Jahsh, 'yar gwaggonsa, ya kuma aurar da Fatima ga Aliyu ɗan baffansa. Babu likitan da zai mayar da wannan haram. Maganar da ke yawo da sunan hadisi, mai umartar a auri bare don kada zuriya ta yi rauni, malaman hadisi irin su Ibnus Salah sun ce ba ta da asali abin dogaro daga Annabi (SAW). An dai ruwaito makamanciyarta daga Sayyidina Umar, yana shawartar wani gida da ya ga 'ya'yansu sun tsumbure.

Duk da haka, manyan malaman Shafi'iyya da Hanbaliyya sun fi son mutum ya auro daga nesa. Gazali ya kawo hakan a Ihya'u, Ibnu Ƙudama kuma a Mugni ya ba da dalili biyu: ɗan bare ya fi fitowa da ƙwari, sannan idan aure ya mutu tsakanin dangi yakan ja zumunci ya mutu tare da shi. Duk wanda ya taɓa zaman sulhu tsakanin wa da ƙanin da 'ya'yansu suka rabu ya san dalili na biyun nan ba zato ba ne.

Ga yadda lissafin yake. 'Ya'yan wa da ƙani, ko taubasai, suna tarayya a kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu, saboda kakanninsu ɗaya. Mu ƙaddara, don misali kawai, wani canji ne da mutum ɗaya cikin 100 ke ɗauke da shi a gari. Mai ɗauke da shi idan ya auri bare, yiwuwar ta dace da nasa ɗaya ce cikin 100. Idan ya auri 'yar baffansa ta koma kusan ɗaya cikin 8. A dunƙule, masana sun ƙiyasta haɗarin haifar yaro da nakasa mai tsanani ga ma'auratan da ba dangi ba da 2 zuwa 3 cikin 100, ga 'yan'uwa na kusa kuma 4 zuwa 6. Ma'ana mafi yawan 'ya'yan auren zumunci lafiya suke zuwa, kuma wanda ke tsorata mutane da cewa duk auren gida nakasa ne bai faɗi gaskiya ba. Matsalar tana tsananta ne inda aka mayar da tuwona maina gado: kaka ya auri 'yar'uwarsa, uba ya yi haka, ɗa ma aka ce sai haka, har dangi ya zama kamar tafkin da ruwa ba ya shiga ba ya fita.

Ƙabilar Al-Sayyid, Larabawan ƙauye Musulmi da ke saharar Naƙab, misali ne da masana suka yi nazari sosai. Kakansu ɗaya ne, wanda ya zauna a wurin kimanin shekara 200 da suka wuce, kuma biyu daga cikin 'ya'yansa suna ɗauke da canjin. Zuriyar ta yi ta aure a junanta. A cikin mutum kusan 3,500 an samu kurame wajen 150. Abin sha'awa a wurinsu shi ne ba su mayar da abin gori ba. Maganar hannu ta kansu ta tsiro a ƙauyen, masu ji da yawa sun iya ta, kurame suna aure suna sana'a kamar kowa.

Ra'ayina shi ne: dangin da kurumtar haihuwa ta bayyana a cikinsu sau biyu ko fiye, abin da ya fi musu shi ne su faɗaɗa, su auro daga waje su aurar waje. Wannan ba gudun ƙaddara ba ne. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya tambaye shi ko ƙaddarar Allah yake gudu, sai ya nuna masa cewa inda suka baro da inda suka nufa duk a cikin ƙaddarar Allah suke, kamar makiyayin da ya zaɓi gefen kwari mai ciyawa ya bar busasshe. Uban da ya san wannan tarihi a gidansu, sannan ya tilasta wa 'yarsa auren ɗan wansa don kada dukiya ta fita ko don kunyar ɗan'uwa, ya sani ba shi zai yi renon abin da zai biyo baya ba.

Gwaji, da abin da ba ya nunawa

Saudiyya ta wajabta gwajin jini kafin aure tun 2004. Jihar Kano ta kafa irin wannan doka a 2024, wadda ta haɗa da gwajin rukunin jinin sikila, ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Riyad a 2013, ta halatta gwajin ƙwayoyin gado kafin aure tare da kiyaye sirrin mutane. Sai dai a sani, takardar da ke nuna AA ba ta ce komai ba game da kunne. Gwajin kurumta daban yake, yana da tsada, kuma yawancin ilimin da aka gina shi a kai daga Turai da Asiya aka tattaro shi.

Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci. A Turai da yankin Bahar Rum, GJB2 ce kan gaba a kurumtar ɓoye. Amma binciken da aka buga a 2014 kan yara kurame a Ibadan bai samu sanannun canje-canjen nan ba, haka ma binciken Kamaru ya nuna ƙarancinsu. Gana ce ta fita daban. A ƙauyen Adamorobe da ke kusa da Aburi, inda a farkon shekarun 1960 aka ƙirga kusan mutum ɗaya cikin goma kurma ne, an gano wani canji na GJB2 a 1998, daga baya kuma aka same shi a kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen Gana masu kurumtar gado. Don haka wanda ya biya kuɗi aka duba masa GJB2 kaɗai aka ce babu, kada ya ɗauka an wanke shi.

A 1975 sarkin Adamorobe ya hana kurma auren kurma. Wannan ba hanyar Musulunci ba ce. A Risala da sauran littattafan Malikiyya, aibobin da ke ba da zaɓin warware aure su ne hauka, kuturta, albaras da larurar da ke hana saduwa. Kurumta ba ta cikinsu sai idan an shardanta kuɓuta daga gare ta tun wajen ɗaurin aure. Ko a likitance, kurame biyu suna iya haifar 'ya'ya masu ji idan sababin kurumtarsu ya bambanta, kuma haka ne ya fi yawa.

Gwajin da kowa ke iya yi ba tare da kobo ba shi ne binciken salsala. Tirmizi ya ruwaito kwaɗaitarwa a kan sanin nasaba gwargwadon abin da za a sada zumunci da shi. A zauna da tsofaffin gida a bi baya zuwa kakanni uku: wa aka haifa ba ya ji, wa ya kurumce yana yaro, bayan wane ciwo, wa ya auri wa. Idan kuma masu neman aure sun tambaya, a faɗa musu gaskiya. Muslim ya ruwaito cewa wani sahabi ya nemi auren wata mata Ba'ansariya, Annabi (SAW) ya umarce shi ya je ya dube ta, ya kuma sanar da shi cewa akwai wani abu a idanun Ansar. Faɗin siffar da ke bin dangi ga mai neman aure nasiha ce. Yaɗa ta a majalisa da dandalin sada zumunta kuma giba ce da cin mutunci, kuma aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana jifa da laƙabin da mai shi ke ƙi.

Yaron da aka riga aka haifa

Duk abin da ya gabata bai amfani yaron da ke zaune yanzu a tsakar gida ba, sai an juyo gare shi. Shekaru ukun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke kama harshe, kuma ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙa'idar likitoci ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida. Gwajin na 'yan mintuna ne, ba zafi, yana barci ma ake yi. Uwa ta lura: shin yana zabura idan ƙofa ta buga, yana waiwayo murya a wata shida, yana gwalan-gwalan irin "ba-ba" da "ma-ma" kafin ya shekara? Jariri kurma ma yana kuka yana dariya, shi ya sa ake ruɗuwa. Akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Wasu yaran na'urar ƙara ji ta ishe su. Wasu sai dashen na'ura a cikin katantanwa, wanda kuɗinsa miliyoyi ne. A farkon 2024 likitoci a birnin Shanghai na ƙasar Sin sun ba da rahoton dawo da ji ga yara biyar cikin shida ta hanyar saka musu lafiyayyen kwafin ƙwayar OTOF, sai dai wannan nau'i ne guda, kuma ba mai yawa ba.

Wanda bai samu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, bai rasa harshe ba. Bebantakar yawancin kurame ba daga harshensu take ba, rashin jin abin da za su kwaikwaya ne, kuma hankalinsu daidai yake da na kowa. Ƙasar Hausa tana da maganar hannu tata tun kafin zuwan makarantun boko, har wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta wallafa littafi a kanta a 2000 bayan zama da kuramen Kano, garin da ke da Sarkin Bebaye da makarantar Tudun Maliki. Shari'a ta riga ta yarda da wannan harshe. Ƙa'ida ce a wurin malaman fiƙihu cewa ishara sananniya ta bebe tana tsayawa matsayin furuci, da ita yake ɗaura aure, ya yi saki, ya saya ya sayar. Karatun da ba zai iya furtawa ba a salla an ɗauke masa. Tarihinmu ma yana da manyan da rashin ji bai tsayar ba: Ƙalun, abokin karatun Warshu a wurin Imam Nafi'u, an ruwaito ba ya jin ko ƙarar ƙaho, amma yana duban leɓɓan mai karatu ya gyara masa kuskure. Abul Abbas Al-Asammu na Naisabur ya kurumce, ya ci gaba da karantar da hadisi shekara 76.

Imam Ahmad ya ruwaito daga Aswad ɗan Sari'u cewa kurman da bai ji komai ba yana cikin mutum huɗu da za su kawo hanzari Ranar Alƙiyama, cewa Musulunci ya zo bai ji shi ba. Malamai sun kafa hujja da wannan a kan cewa ba a kama shi da abin da bai isa gare shi ba. Ni kuwa duk lokacin da na karanta hadisin, tambayar da ke zo mini ita ce: idan kurman ya tashi a gidan Musulmi, a unguwar da ke da masallaci a kowane lungu, wa za a tambaya dalilin da ya sa saƙon bai isa ba? Isar da addini gare shi farilla ce a kan iyayensa, kuma farillar kifaya a kan al'umma. Akwai dattawa kurame a sahunmu da suka shekara arba'in suna zuwa Juma'a, suna ruku'u idan sun ga an yi, ba su taɓa sanin abin da huɗuba ɗaya ta ƙunsa ba.

A Masallacin Harami ana fassara huɗuba da maganar hannu, Ma'aikatar Addini ta Indonesiya kuma ta fitar da Alƙur'ani na ishara don kurame su koyi haruffa da hannu. Masallacin Juma'a a Kano, Zariya ko Damagaram yana iya ware gefe ɗaya kusa da mumbari ya tsayar da tafinta, kuma ladansa na wata ba zai kai kuɗin man janareton da ke kunna lasifika ba. Islamiyyar unguwa tana iya tura malami ɗaya ya koyi maganar hannu wurin ƙungiyar kurame ta garin, ya buɗe aji ranar Asabar da Lahadi. A cikin gida kuma, uba ne ya fi kowa buƙatar koyo, domin galibi uwa da 'yan'uwa sukan ƙirƙiro isharar abinci da wanka da aike, amma isharar alwala, da wanda ya halicci sama, da abin da ya halatta da wanda ya haramta idan yaro ya balaga, sai an je an koyo su wurin manyan kurame da suka riga shi sani.

Allah ne Mafi sani.